Zazzaɓin mai roba a wuya: kafin a ce maleriya, a tuhumi robar

Duk majinyacin da ke ɗauke da roba a babbar jijiyar wuyansa, ko ta ƙirji, ko ta cinya, ranar da jikinsa ya yi zafi, robar ce ya kamata a fara tuhuma. Likitoci sun san wannan ƙa'ida, amma a aikace akasinta ake gani a garuruwanmu. Mai wankin ƙoda zai sauko daga na'ura yana karkarwa, a ce ai damina ce, ya biya ta kemis ya karɓi maganin maleriya. Kwana biyu babu sauƙi, sai a yi gwajin Widal, a ce taifot ne, a rubuta masa allurar seftiriyazon, maganin kashe ƙwayoyin cuta. Kafin a dawo da shi asibiti ƙarfin bugun jininsa ya yi ƙasa, hankalinsa ya fara gushewa, allurar da aka yi masa kuma ta riga ta dagula gwajin da zai nuna ainihin ƙwayar cutar. Mutum na iya samun maleriya da gaske, babu musu. Amma a ƙasar da sauro ya yi yawa gwaji kan nuna ta ko ga wanda ba ita ce ta kwantar da shi ba, don haka ganin maleriya a jini bai wanke robar daga zargi ba.

Robobin da ake magana a kansu ba kanular ƙarin ruwa ba ce da ake sa wa a bayan hannu a cire bayan kwana uku. Waɗannan doguwar roba ce da ake zura ta cikin babbar jijiya har bakinta ya tsaya a mashigar zuciya. Duk abin da ya shiga cikinta, magani ne ko ƙwayar cuta, nan take yake zagaye jiki. Ana sa ta ga masu wankin ƙoda, da masu karɓar maganin daji, da waɗanda hanjinsu ba ya karɓar abinci sai an ciyar da su ta jijiya, da masu buƙatar allurar kashe ƙwayoyin cuta ta makonni.

Iri-iri ce, kuma bambancin shi ke yanke girman haɗari. Ta wucin gadi tana huda fata ta faɗa jijiya kai tsaye, tazarar da ke tsakanin waje da jini ƙanƙanuwa ce. Irin wannan ba a so ta wuce sati biyu a wuya, a cinya kuwa kwanaki kaɗan ne, domin wurin yana da gumi da danshi kuma yana kusa da mafitar fitsari da bayan gida. Sai mai bin ƙarƙashin fata, irin su Permcath da Hickman: ana haƙa mata hanya a ƙarƙashin fatar ƙirji kafin ta shiga jijiyar wuya, tana kuma da wani ɗan zobe na zare wanda nama ke girma ya kama shi cikin makonni, ya riƙe robar, ya kuma toshe wa ƙwayoyin cuta hanya. Akwai wadda ake zurawa daga damtse, akwai kuma ɗan akwatin da ake binnewa gaba ɗaya a ƙarƙashin fata ana huda shi da allura ta musamman idan za a ba da magani, wanda shi ne mafi ƙarancin kamuwa da cuta. A sassan wankin ƙoda da yawa, robar wucin gadin nan ita ake bari ta yi wata ɗaya, wata biyu, saboda ita ce mai araha ranar da aka saye ta. A ganina babu kayan asibitin da ya fi ta tsada idan aka yi lissafin abin da ke biyo baya.

Ƙwayoyin cuta hanya biyu suka fi bi. A kwanakin farko daga fata suke gangarawa ta jikin robar ta waje. Idan robar ta daɗe, hanyar ciki ce ke rinjaye: bakin robar da ake buɗewa ana rufewa, ana haɗa sirinji ko layin na'ura. Duk buɗewa ɗaya dama ce. Mai wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako ana taɓa bakuna biyu, a fara da kuma a gama. Da ƙwayoyin sun shiga sai su manne a jikin robar, su lulluɓe kansu da wani yauƙi wanda magani ba ya ratsa shi sosai. Kamar gansakukar da ta kama cikin randa ne: ko sau nawa aka sauya ruwa, muddin ba a kankare ta ba, sabon ruwan ma zai ɓaci. Shi ya sa ake ganin zazzaɓi ya sauka yayin da ake allura, ya dawo mako guda bayan an daina. Shi ya sa kuma karkarwa ke zuwa daidai lokacin da aka kunna na'ura ko aka wanke robar da ruwan gishiri, domin gudun ruwan ne ke ɓanɓaro ƙwayoyin ya watsa su cikin jini. Wannan alama ita kaɗai ta isa ma'aikaciyar jinya ta tsaya ta kira likita. Wurin da robar ta fito na iya zama tas, babu ja babu mugunya, alhali jini cike yake da cuta.

Abin da ya dace a yi a sa'ar farko sananne ne. A ɗebi jini don shuka shi a ɗakin gwaji kafin a ba da ko da ƙwaya ɗaya ta maganin kashe ƙwayoyin cuta. Kashi biyu ake ɗiba a lokaci guda, ɗaya daga cikin robar, ɗaya daga jijiyar hannu, mililita 8 zuwa 10 a kowace kwalba ga babban mutum. Jini kaɗan a kwalba shi ne babban dalilin da gwaji ke fitowa babu komai alhali akwai. Inda ake da na'urar da ke rubuta lokaci, idan kwalbar robar ta riga ta hannu nuna tsiro da sa'a biyu ko fiye, to robar ce tushen cutar. Ga mai wankin ƙoda ana iya ɗibar kashi na biyu daga layin na'ura don a tanada masa jijiyoyin hannu, waɗanda za a buƙata don aikin fistula da za a yi bayaninsa a gaba. Bayan ɗibar jini sai a fara magani ba jinkiri, wanda zai kashe ƙwayoyin cutar da ke fitowa daga fata da na hanji gaba ɗaya, sannan a rage shi zuwa wanda ya dace idan sakamako ya fito. A masu wankin ƙoda akan ba da irin su bankomaisin ko sefazolin a ƙarshen kowane zama, saboda ƙodar ba ta fitar da su, suna zama a jini har zama na gaba.

Inda magana ke tsauri shi ne cire robar. Iyali sun sayar da akuya ko sun ci bashi sun sayi Permcath, ga likita yana cewa a cire ta. Ba wanda zai ji daɗin wannan, kuma matsin da ke kan likita ya bar ta "a gwada magani tukuna" ba ƙarami ba ne. Amma akwai yanayin da barin ta ganganci ne. Idan gwaji ya nuna ƙwayoyin cuta masu taurin kai, wato Staphylococcus aureus, ko Pseudomonas aeruginosa, ko Candida, cirewa ake yi. Haka idan ƙarfin bugun jinin majinyaci ya faɗi, ko hanyar da robar ta bi a ƙarƙashin fata ta yi ja tana ciwo fiye da santimita 2 daga mafitarta, ko har yanzu jini na nuna ƙwayar cuta sa'a 72 bayan fara maganin da ya dace. Staphylococcus aureus musamman ba ya tsayawa inda ya shiga. Yakan je ya zauna a bawul ɗin zuciya, ko ƙashin baya, ko gaɓoɓi, mutum ya dawo bayan wata guda da ciwon baya da ba ya jin magani ko numfashi sama-sama. Don haka mafi ƙarancin maganinsa kwana 14 ne ta jijiya, idan ya kama zuciya kuwa mako 4 zuwa 6, ƙashi kuma mako 6 zuwa 8, kuma ya kamata a yi hoton zuciya. Allurar kwana biyar da ake yi a sallami mutum ba magani ba ce, ɗage matsalar ce. Ga ƙwayoyin fata masu sauƙi ana iya ƙoƙarin ceto robar: a cika cikinta da magani mai kauri a rufe shi a ciki tsakanin zama da zama na kwana 10 zuwa 14, tare da allurar jijiya, ko a sauya ta da sabuwa ta kan wata siririyar waya da ake zurawa ta hanyar tsohuwar idan zazzaɓi ya sauka cikin kwana biyu ko uku.

An daɗe ana ɗaukar wannan cuta a matsayin abin da ba makawa ga duk mai roba, har a ƙasashen da ke da kuɗi. Aikin da Peter Pronovost na Jami'ar Johns Hopkins ya jagoranta a ɗakunan kulawa ta musamman 103 na jihar Mishigan a Amurka, wanda aka wallafa sakamakonsa a 2006, shi ya rushe wannan tunani. Abu biyar kawai aka tsaya a kai: wanke hannu, cikakkiyar shigar tiyata da lulluɓe majinyaci lokacin sa robar, goge fata da ruwan kashe ƙwayoyin cuta na klorhekzidin, guje wa jijiyar cinya, da cire duk robar da aikinta ya ƙare. Matsakaicin kamuwa ya sauka daga 7.7 zuwa 1.4 a kowane kwana 1,000 na zaman roba cikin wata 18. Babu sabuwar na'ura a cikin lissafin. Abin da na fi ganin ya yi aiki shi ne an tara kayan sa robar duka a kan teburi mai taya guda ɗaya, sannan an ba ma'aikatan jinya ikon dakatar da likita idan ya tsallake mataki. Wannan na biyun shi ne zai fi wuya a asibitocinmu, inda ƙaramar nas ba ta iya ce wa babban likita ya koma ya sa takunkumi. Ba kuma kuɗi ne ke gyara shi ba. Shugaban sashe ne zai faɗa a gaban kowa cewa ya ba da wannan izini, kuma ya fara da kansa.

Kulawar yau da kullum ita ce ke raba robar da za ta yi shekara da wadda za ta kashe mai ita. Fata ana goge ta da klorhekzidin kashi 2 cikin 100 wanda aka haɗa da sifirit kashi 70, a bar shi ya bushe da kansa. Hura masa iska da baki ko fifita shi da takarda ɓata aikin ne. Kafin a haɗa komai da bakin robar, a murza shi da audugar sifirit ko klorhekzidin na kimanin daƙiƙa 15, a jira ya bushe. Shafa sau ɗaya a wuce ba ya kashe komai. Nas da majinyaci duka su sa takunkumi, majinyaci ya kau da fuskarsa, domin Staphylococcus aureus a hanci yake zama. Ɗaurin auduga da filasta ana sauya shi duk kwana biyu, filasta mai nuna ciki duk kwana bakwai, kuma kowanne ana sauya shi nan take idan ya jiƙe ko ya ɓanɓare ko ya yi datti. Wannan sharaɗi na ƙarshe ya fi muhimmanci a wajenmu fiye da ƙasashen da suka rubuta ƙa'idar. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, da zafi ya haura digiri 40, filastar kwana bakwai da wuya ta kai kwana uku. Ga mai yawan gumi auduga ta fi dacewa. Da hunturu kuma ƙura ce ke shiga ƙarƙashin gefen da ya ɗaga.

Wanka ma sai an yi maganarsa a fili. Ba a kwara ruwa a kan ƙirjin da ke da roba, ba a shiga rafi ko kududdufi. Majinyata da yawa kunya ke hana su tambayar yadda za su yi wankan janaba, sai su jiƙa ɗaurin su bar shi ya bushe a jiki. Malaman fiƙihu sun daɗe da bayyana halascin shafa a kan ɗaurin rauni, da yin taimama idan ruwa zai cutar. Aikin ma'aikacin lafiya ne ya buɗe wannan zance ranar da aka sa robar, kada ya jira a tambaye shi. Haka nan shafa man kaɗe, ko toka, ko garin magani a bakin wurin idan ya fara ƙaiƙayi: a hana shi tun farko, a gaban mai jinya.

Robar wankin ƙoda ta wankin ƙoda ce kaɗai. Idan aka kwantar da majinyaci a wani ɗaki aka rasa jijiya, ana sha'awar buɗe ta a yi ƙarin ruwa ko a ɗebi jini. Ban da haɗarin cuta, cikinta cike yake da hefarin mai ƙarfi wanda aka zuba don hana jini daskarewa, daidai adadin da aka rubuta a jikin kowane reshe. Dole a zuƙe shi a zubar kafin amfani. Wanda bai sani ba ya tura shi cikin jiki, majinyaci na iya fara zubar jini. Sauran robobi kuma ana wanke su da sirinji mai mililita 10 ko fiye, a riƙa turawa ana tsayawa. Ƙaramin sirinji ƙarfin turinsa ya fi yawa, yana iya fasa robar. Idan ta ƙi karɓar ruwa, ba a tilasta mata.

Toshewa ita ce matsala ta biyu bayan cuta. Jini kan daskare a ciki, ko wani fatar-fatar ya lulluɓe bakinta ta yadda ruwa zai shiga amma jini ba zai fito ba. Akwai maganin narkar da gudan jini da ake zubawa a bar shi a ciki, sai dai yana da tsada. Mafi muni shi ne ɓarnar da robar ke yi wa jijiyar kanta. Gogayya ta watanni na sa babbar jijiya ta ƙanƙance ko ta toshe, hannu ya kumbura, fuska ta kumbura, jijiyoyi su fito raɗa-raɗa a ƙirji. Jijiyar ƙarƙashin ƙashin kafaɗa ta fi saurin wannan, shi ya sa ba a sa wa mai ciwon ƙoda roba a can, kuma ba a zura masa wadda ake sa wa daga damtse. Ɓangaren da jijiyarsa ta toshe sau da yawa ba ya sake amfani wajen wankin ƙoda. Jijiyar wuya ta dama ita ce zaɓi na farko saboda hanyarta miƙaƙƙiya ce zuwa zuciya, kuma sa ta da taimakon na'urar sikanin yana rage huda huhu ko jijiyar da ke kai jini kwakwalwa. Sai iska: idan murfin bakin robar ya faɗi alhali maƙalin da ke matse ta a buɗe yake, numfashi ɗaya na iya zuƙar iska zuwa zuciya. A maƙale robar nan take, a kwantar da mutum a gefen hagu kansa a ƙasa, a sa masa iskar oksijin. Ranar cirewa ma ba a yi a zaune. A kwance ake yi, ya riƙe numfashi, a danne wurin minti 5 zuwa 10, a rufe da ɗaurin da iska ba ta ratsawa.

Duk wannan kulawa rage haɗari take yi. Ga mai wankin ƙoda na dindindin, mafita ita ce a raba shi da robar. Tun 1966 Brescia da Cimino suka bayyana aikin haɗa jijiyar da ke kawo jini da wadda ke mayar da shi a wuyan hannu, abin da ake kira fistula ta hannu, wadda ba ta da wata alaƙa da yoyon fitsari. Babu roba a jiki, allura biyu ake sokawa a kowane zama a cire, kuma kamuwa da cutar jini ya yi ƙasa ƙwarai idan aka kwatanta da roba. Sai dai tana buƙatar aƙalla mako 6 kafin ta nuna, wani lokaci wata uku, wani lokaci ma ta ƙi. Za a ce, kuma gaskiya ne, yawancin majinyatanmu ba sa zuwa sai ƙoda ta gama lalacewa, suna amai, huhu cike da ruwa, wankin yau ake nema ba na wata uku ba. A nan robar wucin gadi ba ta da madadi. Abin da ba shi da uzuri shi ne a sa ta sannan a manta. Da zarar an tabbatar ƙodar ba za ta farfaɗo ba, a makon ya kamata a rubuta ranar sauya ta da mai bin ƙarƙashin fata, a kuma tura mutum wajen likitan tiyata don fistula. Masu ciwon suga da hawan jini da ake bibiya a asibiti kuwa, tun ma'aunin tacewar ƙodarsu ya sauka kusan 15 zuwa 20 ake fara shiri, kuma tun kafin nan a daina huda musu jijiyoyin gaban hannun da ba sa aiki da shi. A ɗebi jini a bayan tafin hannu.

A watan Agusta 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin zaman wankin ƙoda daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta, har da na Maiduguri da na Azare. Ga yankin da ciwon ƙoda ya addaba, kamar Gashuwa da kewayenta, wannan sauƙi ne na gaske. Amma lissafin da ya tsaya a kan farashin zama ɗaya bai cika ba. Idan zama ya yi araha mutane za su daɗe suna wanki, wanda shi ake so, kuma duk wata da suka ƙara da roba a wuya haɗarinsu ƙaruwa yake. Duk gwamnati ko hukumar inshorar lafiya ko attajirin da ke ɗaukar nauyin wankin ƙoda ya kamata ya saka kuɗin fistula, da robar da ke bin ƙarƙashin fata, da kwalaben shuka jini a cikin kunshin. Sayen sababbin na'urori ana yanka musu ƙyalle ya fi daɗin hoto, amma horar da likitocin tiyata biyu a kowane asibitin koyarwa su iya haɗa jijiya zai fi tsawaita rayuka.

Sannan a fara ƙirgawa. Sashen da bai san adadin masu kamuwa a cikinsa ba zai ci gaba da ɗauka lafiya lau yake, domin waɗanda suka kamu sukan mutu a ɗakin gaggawa ko a gida, a rubuta ciwon ƙoda ne ya kashe su. Ƙirgar ba ta buƙatar kwamfuta. Littafi ɗaya ya isa: kowace rana a rubuta mutum nawa ke ɗauke da roba, a tara a ƙarshen wata, a rubuta nawa ne gwaji ya tabbatar sun kamu. A ce sashe na da mutum 20 masu roba na tsawon kwana 30, kwanakin roba 600 ke nan. Idan 3 suka kamu, adadin ya zama 5 a kowane kwana 1,000. A manna wannan lamba a bangon sashen kowane wata, tare da jerin waɗanda robarsu ta wucin gadi ta haura sati biyu da ranar da aka sa wa kowannensu don ganin likitan tiyata.